Rubutun Ƙasan Kalanda

A unguwarmu ta zango a Sokodé, idan baƙo ya tambayi gidanmu ba a wahalar da shi da dogon kwatance. Cewa ake ya miƙe har ya hango ƙwarya a kife a kan ɗaki, to nan ne. Babana da ya gina ta ƙubba yake kiranta, kuma bai taɓa amsa wa mai cewa ƙwarya ba. Yanzu masara Inna take ajiyewa a ɗakin, ta ce ko ƙwari ba sa iya zaman zafinsa.

Baba magini ne. Ya yi wa mutane gini daga Sotouboua har Bafilo, duk iri ɗaya: bango huɗu, ƙofa, taga, rufin kwano. Yakan ce ko idonsa a rufe zai iya, kuma in ka ga wasu daga cikin ɗakunan sai ka yarda ya taɓa gwadawa. Yana karanta Larabci da ajami tsaf, amma boko ko sunansa ba ya ganewa. Tun kafin a haife ni aka taɓa kawo masa wata takarda, aka ce ta shaidar filinsa ce na bakin hanya, ya dangwala yatsa. Daga baya ya gane da yatsan nasa ya sallama filin. Wannan ne ya sa ya kai ni lakwal, makarantar Faransanci, a lokacin da maƙwabta ke ganin kai mace can ɓata takalmi ne kawai. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya faɗin sunana, Uwata yake ce mini. Ranar da ya kai ni ya tsaya a bakin ƙofar makarantar ya ce, "Uwata, ki zama idona. Kada a ƙara ɓoye mini rubutu."

Na zama idon kuwa. Takardar ruwa, takardar magani, sammacin taro, har rubutun jikin buhun siminti, duk ni nake karanta masa. In ya miƙo takarda yakan gyara zama ya ce, "Karanta mini. Duka." Ni kuma in buɗe murya kamar mai labarai a rediyo, don ina son maƙwabta su ji amfanin takalmin da na ɓata.

Ina da shekara goma sha huɗu wani mai sayar da atamfa ya kawo masa tsarabar kalanda daga Lomé, daga shagon wasu Indiyawa. Hoto ɗaya ne a jiki. Wani gini ne ja, a kan dandamali mai tsayi, gabansa duk ƙofofi masu lanƙwasa kamar baka, samansa farar ƙubba, kewaye da shi lambu da hanyoyin ruwa a miƙe kamar an ja su da igiya. Da la'asar Baba ya shimfiɗa ta a kan tabarma a ƙofar gida, shi da amininsa tela suka duƙufa a kai. Telan nan abokin wasansa ne tun ƙuruciya, mutumin da in ya samu abin tsokana yakan yi shekara yana tatsarsa.

Na fito da shayi na tarar Baba baki har kunne. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar salla. Yana cewa, "Ka ga gini! Ka ga inda mutum zai kwanta ya san ya kwanta. Wallahi kafin in mutu sai na yi wa kaina irin wannan, ko ɗan ƙarami ne, in shiga in miƙe ƙafa."

Tela ya ce, "Kai da ko kaskon tuya ba ka taɓa kifawa daidai ba?"

Baba bai kula shi ba. Ya nuna mini wani siririn layi a ƙasan hoton. "Uwata, karanta mana. Gidan wa ne?"

Na karanta a zuci. Rubutun bai da wuya, ko ɗan aji uku zai iya. Kabari ne. Hubbaren wani sarkin sarakuna ne na ƙasar Indiya. Ba laifin Baba ba ne da bai gane ba. A wurinmu kabari tudun ƙasa ne da fasasshen tulu a kai, damina biyu ta shafe shi. Ya taɓa jin labarin hubbaren waliyyai, amma wa zai kawo a ransa cewa za a yi wa mamaci bene da lambu da famfo, alhali ga rayayyu suna haya?

Na dubi tela, ya riga ya gyara baki. Na dubi Baba, wanda yanzu-yanzu ya rantse a gaban mutane zai shiga irin wannan ya miƙe ƙafa. Na san in na faɗi gaskiya, daga ranar har ƙarshen rayuwarsa sunansa mai ginin kabarinsa.

Na ce, "Gidan sarkin sarakuna ne na Indiya."

"Ka ji ko!" in ji Baba. "Duka ke nan?"

"Duka ke nan, Baba."

Washegari na nuna ƙwazo irin wanda ba a san ni da shi ba. Na ce bari in kai hoton a sa masa gilashi kada ya lalace. A ɗaki na sa almakashin Inna na yanke layin nan, na cusa shi a murhu ƙarƙashin tukunyar koko. Sokodé cike take da masu karanta Faransanci, ban yarda wani ya zo ya fi ni gaskiya ba. Baba ya sa mini albarka a kan gilashin.

Na ɗauka zancen zai bi ruwa kamar sauran alkawuran ƙofar gida. Ashe ban san ubana ba. Ya rataye hoton, ya riƙa auna shi da tsinken ashana: tsayin ƙubba tsinke kaza, faɗin dandamali tsinke kaza. Duk inda ya yi aiki, ragowar bulo da guntayen rodi gida suke zuwa. Shekara da shekaru abin yana tashi a kusurwar tsakar gida, layi biyu bana, layi uku baɗi. Dandamalin sarki ya zama matakala uku. Jan dutse ya zama jar ƙasa da ya kwaɓa cikin shafe. Lambun ma bai bari ba: ya raba gaban ɗakin gida huɗu, Inna ta shuka yakuwa da kuɓewa, awaki suka yi godiya. Hanyar ruwan kuwa ta samu, don nan ruwan wanke-wanke yake bi.

Ƙubbar ce ta ba shi wuya, don a duk zangon babu wanda ya taɓa yin ta. Sai ya yi dabara. Ya jera katako a saman bangon, ya tokare shi da itatuwa daga ciki, ya tara jiƙaƙƙen yashi a kai, ya yi ta shafa shi da hannu yana sauka yana hangowa har tudun ya yi masa. Ya lulluɓe shi da takardun siminti, ya ɗaura rodi, ya zuba kankare. Sati uku yana ba ta ruwa safe da yamma. Ranar da zai zare katakon ya sauke yashin, unguwa ta taru. Kowa ya ce addu'a ya zo yi, amma na lura duk sun tsaya nesa, inda za su ga faɗuwarta da kyau. Tela har kujera ya zo da ita.

Ba ta faɗi ba. Ta ɗan karkata gabas, Baba ya ce ladabi ne take yi wa alƙibla. Ya shafe ta da farar ƙasa, ya shigar da gadonsa, ya rataye hoton a ciki.

Ɗakin yana da halaye biyu. Na farko, daga hantsi zuwa magariba gidan burodi ne. Baba yakan fito yana tsiyayar gumi ya ce iska ce ta yi masa yawa. Na biyu, ƙubbar tana ninka sauti. In ya yi tari sau ɗaya sai a ji uku, in ya yi minshari da rana kaji su watse. Inna ta leƙa sau ɗaya ta ce ita dai Allah ya bar ta da ɗakinta mai rufin kwano. Amma shi in ya zauna a kan matakalar nan uku da carbinsa, ko sarkin na Indiya bai kai shi ƙasaita ba. Ni kuwa duk lokacin da ya ce, "Bari in shiga in miƙe ƙafa," sai gabana ya faɗi. Ina alfahari da shi, ina kuma jin kunyar kaina, duk a lokaci ɗaya.

Na gama karatu na zama malamar tarihi, abin dariya, aka tura ni Dapaong, tafiyar rabin yini daga gida. A ɗakin karatun makarantarmu na ci karo da wani littafi na manyan gine-ginen duniya, ga ginin Baba a ciki, shafi huɗu cur. Na ɗauko shi na kai gida na yi ta karantawa kamar mai binciken asirin kansa.

Sarkin, ashe, bai taɓa ganin ginin ba. Ya sha yaƙi, an kore shi daga mulki, ya yi shekaru yana gudun hijira, ya dawo ya ƙwace ƙasarsa, sannan ya zame a matakalar ɗakin karatunsa ya faɗi, ajali ya sauka. Matarsa ce ta sa aka yi ginin bayan rasuwarsa, fiye da shekara ɗari huɗu da suka wuce. Jan dutse ne da farin marmara. An raba lambun gida huɗu da hanyoyin ruwa don a kwaikwayi Aljanna, ko da wani bai samu ta can ba. A tsakiyar babban zauren akwai dutsen kabari fari, amma ko shi na ado ne, gawar tana can ƙasa a wani ɗaki. Abin da ya fi tsaya mini shi ne ƙubbar. Biyu ce, ɗaya cikin ɗaya, da sarari a tsakani: ta waje don mai hangowa daga nesa, ta ciki don wanda ke tsaye a zauren. Nan take na tuna Baba da guminsa. Da ya san haka, da ya bar wa zafin wurin tsayawa kafin ya sauko masa a ka. Ga shi na sani, amma ba halin in faɗa, don in na jawo zancen ƙubba sauran zai biyo.

Wata shekara bayan salla ya zo Dapaong ganin inda nake zaune. Kafin ya sha ruwa sai da ya zagaya gidan hayar yana ƙwanƙwasa bango da ɗan yatsa yana girgiza kai. Maƙwabciyata, wata dattijuwa 'yar ƙabilar Moba, ta leƙo ta gaishe shi da guntuwar Hausarta ta ce, "Baba, madam yana da kirki, yana koya yara da kyau." Ya ce ai shi ya kai ni lakwal da ƙafarsa.

Da safe na shiga kicin haɗa masa koko. Na fito na same shi zaune da littafin a buɗe a kan cinyarsa. Na manta shi a kan tebur, ni da na iya ƙona shaida tun ina yarinya. Ya gane gininsa, fuskarsa ta yi irin hasken ranar kalanda. Sai ya juya shafi, ga hoton cikin zauren.

"Uwata, zo ki gani, har cikin falon suka ɗauka. To wannan na tsakiya fa? Gadon sarkin ne? Dutse, ba katifa?"

Ya ƙara matso da littafin kusa da idonsa. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana raka gawa ba ya buƙatar boko ya gane wannan siffar. Na ga lokacin da murmushin ya tsaya.

Na ajiye kwanon, na durƙusa. Na ce, "Baba, kabari ne. Duk ginin hubbare ne. Ba wanda ya taɓa kwana a ciki da ransa."

Sai na shiga zuba kamar ina gaban aji: yaƙin, gudun hijirar, matakalar, matar, lambun. Da na zo kan ƙubba biyu sai maginin da ke cikinsa ya farka. Ya sa na maimaita, ya zana a tafin hannunsa, ya ce, "Amma mutanen nan sun iya mugunta. Shi ya sa nake dahuwa!" Ya tambaya ko sarkin ya ga ginin, na ce a'a. Ya ce, "To na fi shi. Ni na ga nawa, na kwana, na tashi."

Har na fara sakin jiki, na ce a raina ashe abin bai kai yadda na ɗauka ba. Sai ya rufe littafin a hankali.

"A wannan littafin kika gani?"

Na ce, "A'a, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka kawo kalandar. Yana rubuce a ƙasa. Ni na yanke shi."

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dube ni ya ce, "Wancan da ya ci filina, ba ni na kai shi lakwal ba." Ya sha kokonsa tas, ya yi hamdala, ya ce a kai shi tasha.

Da ya koma Sokodé shi da bakinsa ya ba tela labari, a gaban jama'a. Inna ta ce an yi dariya, tela ya ce daga yau in zai shiga sai ya yi sallama irin ta maƙabarta, Baba ya ce ya shigo, akwai wurin mutum biyu. Shi ke nan. Dariyar da na shekara ashirin ina kare shi daga gare ta ba ta kai tsawon cin goro ɗaya ba. Ya ci gaba da kwana a ɗakinsa, har ma ya fi da son sa.

Abin da ya canza ɗaya ne. In na je hutu yana amsa gaisuwata, yana tambayar aiki, yana ce mini Uwata kamar kullum. Amma in takarda ta zo, sai ya ninke ta ya sa a aljihu, ya fita neman mai karanta masa. Ina zaune, da duk shaidar karatuna, zan ga ya wuce ni da takardar ruwa zuwa shagon mai gyaran babur. Sau ɗaya na miƙa hannu, ya ce, "Bar shi, kada in wahalar da ke." Shekara uku muna haka. Abin ya ci mini rai ƙwarai, kuma ba wanda zan kai wa ƙara, don ni na saya da hannuna.

Wata ranar Laraba na taso daga makaranta da azahar, na tarar da shi zaune a dakalin ƙofata a Dapaong. Bai aiko ba, bai kira ba. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa, idonsa ya yi rawaya. Tun asuba ya hau mota, ya sha ramukan hanyar Mango, shi kaɗai. Na shigar da shi, na kawo ruwa. Bai ƙwanƙwasa bango ko ɗaya ba.

Ya zaro wata ambulan daga aljihun gaba.

"Daga lopital ne," ya ce, yana nufin asibiti. "Sun yi mini hoto, sun ɗebi jini. Mutum uku na kai wa a Sokodé. Ƙanenki ya ce gajiya ce. Mai kantin magani ya ce gajiya ce. Na ukun ma gajiya. Uwata, takarda shafi biyu, duk gajiya? Ni da na yi shekara biyar ban ɗaga bulo ba?"

Na ce, "Baba, ai da ka kira ni na zo."

"A waya ba na ganin idonki." Ya miƙo ta. "Su yanzu suka fara yi mini ƙaryar tausayi, ba su san inda take kaiwa ba. Ke kin riga kin yi taki. Karanta mini. Duka."

Na buɗe. Idona ya riga bakina isa ƙasa, kamar wancan karon. Ciwon daji ne a hanta, ya bazu, likitan yana ba da shawarar a rage masa zafi kawai. Na ji tsohuwar dabarar tana taso mini a maƙogwaro, ga ta nan a shirye, da taushi, har da kalmomin da za su dace. Yana kallona, hannayensa a kan gwiwa.

Na fara daga sama. Na karanta sunan asibitin, da sunansa, da shekarunsa da suka ƙiyasta. Na bi layi-layi, ina faɗa da Faransanci ina juyawa da Hausa. Inda ban gane kalmar likita ba na ce ban gane ba. Inda muryata ta ƙi fita ya jira ni. Na faɗi sunan ciwon. Na faɗi cewa ya bazu. Na faɗi cewa ba maganar aiki, ba maganar warkewa. Na karanta har rubutun cikin hatimi.

"Duka ke nan?"

"Duka ke nan, Baba."

Ya yi salati a hankali. Sannan ya ce, "Ki gaya wa uwarki kada ta wahalar da kanta irin matar sarkin nan. Na riga na hutar da ita. A kai ni inda ake kai kowa, a sa mini fasasshen tuluna." Na yi dariya, hawaye na zuba a kan takardar, ya karɓe ta kada in jiƙa masa.

Ya ninke ta biyu, ya kai hannu zai sa a aljihu kamar yadda ya saba shekara ukun nan. Sai ya fasa. Ya ɗora ta a kan cinyata.

"Riƙe a wurinki, Uwata," ya ce. "Wasu za su zo. Ke za ki karanta."